Yadda ni da ɗalibaina muka ɗaura giya da sufuroket a kan shaf ɗin moto

Ina koyar da Fiziks a wata sakandare a Kaduna, kuma ni aka damƙa wa ƙungiyar ɗaliban da ke sha'awar haɗa na'urori. A zangon karatun da ya wuce mun ɗora wa kanmu haɗa robot da zai yi tafiya a filin taro, ya ɗauki ɗan kwali ya kai wani wuri ya sauke. Tayoyi biyu na keken yara a baya, ƙaramar taya mai juyawa a gaba, sai hannu guda mai ɗagawa. Haɗa wayoyi da rubuta wa Arduino, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa robot ɗin, umarni bai ba yaran wuya ba, da yawansu ma sun fi ni sauri a wannan fannin. Abin da ya cinye mana mafi yawan zangon wuri ne da tsawonsa bai kai santimita biyu ba, wato inda giya (faifai mai haƙora) ko sufuroket (faifan haƙoran da sarƙa ke hawa) ke zama a kan shaf ɗin moto, sandar da ke fitowa daga moton tana juyawa. Duk ƙarfin da batir ya bayar, duk abin da aka rubuta a kwamfuta, ta wannan ɗan wurin zai bi kafin taya ta motsa. Idan ya sulɓe, sai ka ji moto na kuka, fitilu na haske, robot kuwa yana tsaye inda aka ajiye shi.

Da hannun ɗagawa muka fara. Mun sami ƙaramin moto mai volt 12 da akwatin giya a jikinsa, kaurin shaf ɗinsa milimita 6, an shafe gefe ɗaya ya zama fili, ta yadda in ka dube shi ta baki kamar harafin D yake. Giyoyin kuma daga cikin mataccen injin fotokwafi yaran suka ciro su, ƙarama mai haƙora 20 da babba mai 60. Na nace a ɗauki biyun da dama tare suke aiki a cikin injin, domin giya biyu ba sa shiga juna sai girman haƙoransu ya zo ɗaya, kuma ido yakan yaudari mutum a nan. Ramin ƙaramar giyar zagaye ne sumul, ya ɗan fi shaf ɗin faɗi. Yaran suka ce a cike da sufa gulu. Na bar su suka gwada, don akwai abin da gara yaro ya gani da idonsa. Hannun ya tashi babu kaya, kowa ya yi tafi. Da aka ɗora kwali, shaf ya ci gaba da juyawa a cikin giya, gam ɗin ya fito gari-gari. Aka koma ga gam mai kwaɓi biyu, wanda ake haɗawa ya daskare cikin mintoci. Shi ma ya ɗan daɗe kaɗan, sannan ya saki. Robar da ake yin irin waɗannan giyoyin da ita an zaɓe ta ne saboda santsinta, don haƙora su yi ta goga juna ba tare da mai ba, kuma wannan santsin ne ke hana gam kama ta.

A nan na tsayar da aiki muka koma gaban allo, kuma ina ganin wannan ne darasi mafi amfani da na koyar a duk zangon. Tsawon hannun milimita 250 ne, kwalin da kayan cikinsa giram 800. Sandar da babbar giya ke kai kaurinta milimita 8, wato daga tsakiyarta zuwa fatarta milimita 4 kawai. Na ce su raba 250 da 4. Suka sami 62.5. Na ce su ninka da nauyin kwalin. Kilo 50. Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe ta sake lissafin a littafinta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, kana nufin wannan ɗan wurin yana ɗauke da buhun siminti?" Na ce haka yake, kuma ba mu ma sa nauyin hannun kansa ba, ba mu sa fizgar da ake samu lokacin tashi da tsayawa ba. A wajen moto, saboda babbar giya ta ninka ƙarama sau uku, ƙarfin juyawa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma shaf ɗin ya fi siriri, don haka abin da ke kan fatarsa ya kai wajen kilo 22. Daga ranar babu wanda ya sake kawo maganar gam. Suka gane cewa dole a sami wani abu mai tauri da zai tokare juyawar, fili ko fin (ɗan ƙarfen da ke ratsa shaf) ko ki (ɗan ƙarfen da ke zama a gurbi tsakanin shaf da giya), ba manne kawai ba.

Ranar Asabar muka tafi Tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada, kusa da Kaduna Polytechnic, da izinin iyaye. Duk wanda ya san Kaduna ya san babu ƙarfen da za ka nema ka rasa a can, kuma babu abin da za ka zana a takarda a kasa ƙera maka. Na fi son in tafi da yaran a kan in je ni kaɗai in dawo musu da kaya a leda. Muka sami wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda ke juya ƙarfe ana fiƙe shi. Yaran suka gaishe shi, shugaban ƙungiyar ya miƙa masa moto da giya ya ce, "Baba, so muke wannan ta zauna a kan wannan, kada ta zame." Bai ce komai ba sai da ya ɗauko ma'auninsa na baniya ya gwada shaf, ya gwada ramin, ya gwada wuyan giyar, wato ɗan tudun roba da ya fito a gefenta. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, in na yanka tiredi a cikin robar nan, ɗauri biyu zai cinye. Zobe za mu yi mata."

Abin da ya yi ya burge ni ƙwarai. Da farko ya sassaƙa siririn bututun tagulla ya cusa a ramin giyar don ya cike ratar, ramin ya dawo milimita 6 cif. Sannan ya yanko zoben ƙarfe da zai rungumi wuyan giyar ta waje da ɗan matsi. Ya huda daga gefen zoben, ramin ya ratsa ƙarfe da roba da tagulla har ya fito ciki, ya yanka tiredi na milimita 4 a cikin ƙarfen zoben kaɗai. A ramin ya sa ɗan sukurun nan mara kai da ake ɗaurewa da alanki. Ƙarfe ne ke riƙe da tiredi, sukurun kuma ya ratsa robar kamar ƙusa, bakinsa ya sauka a kan shaf. Ya kira ɗalibar nan ya ba ta alankin, ya ce, "'Yata, juya shaf ɗin sai filin ya dubi ramin, sannan ki ɗaure." Wannan shi ne sirrin, kuma a nan mutane da yawa ke kuskurewa. Sukurun da ya sauka a kan zagayen shaf matsi kawai yake yi, da zarar an yi gaba da baya sai ya fara jan layi a jikin ƙarfen, ya tayar da ƙaiƙayi, daga baya ma giyar ta ƙi fita. Wanda ya sauka a kan fili kuwa, kafin shaf ya juya sai ya ture sukurun gaba ɗaya. Ya ƙara rami na biyu a gefe, a kusurwar digiri 90 daga na farko, don ya hana giyar rawa.

Da muka dawo makaranta muka ga sukurun yana kwancewa da kansa bayan an yi ta ɗagawa da saukewa. Girgiza ce ke jawo haka. Maganinsa ɗigon ruwan kulle tiredi, shuɗin nan na Loctite, wanda ke riƙewa amma alanki na iya kwance shi. Jan ba ya kwancewa sai an gasa da wuta, don haka ba na ƙaramin aiki irin namu ba ne. Mun sa ɗigon a jikin sukurun ne kawai, muka goge abin da ya tsiyaye, saboda wannan ruwan yana fasa wasu nau'o'in roba. Shawarar da zan ƙara ita ce a sayi alanki mai kyau. Na milimita 2 ne ke shiga wannan sukurun, kuma mai arha bakinsa kan murɗe ya ƙwaƙule ramin, ya bar ka da sukurun da ba ya shiga ba ya fita.

Babbar giya ta fi sauƙi duk da ta fi ɗaukar nauyi, domin sandarta tamu ce, ba ta moto ba, muna iya huda ta yadda muke so. Muka zura giyar a inda za ta zauna, muka matse su tare, muka huda wuyan giyar da sandar a lokaci guda da bakin huji na milimita 2. Idan aka huda su dabam-dabam, ramukan ba za su taɓa haɗuwa daidai ba. Kafin huji sai an ɗan shafe wurin da magagari an buga alama da ƙusa, in ba haka ba bakin hujin zai yi ta zamewa a kan zagayen. Fin ɗin kuwa daga wayar tayar keke muka yanko, kaurinta milimita 2 ne kuma ƙarfenta na da kyau, muka zura muka lanƙwasa bakunan biyu. Yaran sun so a yi rami mai faɗi don a sa ƙusa babba. Na hana, domin duk abin da aka huda an rage wa sandar ƙarfi, kuma ramin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurinta a nan za ta karye.

Sai tayoyi, inda aikin ya fi yawa. Motocin waifa na mota muka saya guda biyu a wajen masu tsofaffin kayan gyara. Ga ƙungiyar da ba ta da kuɗi, ban san abin da ya fi su ba: volt 12 ne, suna da ƙarfi, an riga an rage musu gudu a ciki zuwa kamar juyi 50 a minti, kuma an yi su ne don su jure zafi da ƙura. Da tayar inci 12, wannan gudun ya yi daidai da tafiyar mutum a hankali, abin da muke so ke nan. Muhimmin abu wajen saye shi ne kada a bari mai kaya ya cire ɗan guntun hannun ƙarfen da ke ɗaure a bakin shaf. Shaf ɗin waifa ba miƙaƙƙe ba ne. Bakinsa tsukakke ne, yana sirancewa zuwa sama, da ƙananan zane-zane a jiki, sai tiredi a ƙarshe inda noti ke hawa. Namu notin sifana 13 ke kama shi. Idan aka ɗaure noti, zanen nan yana nutsewa cikin ramin hannun ya cije shi. Babu sufuroket ɗin da za ka saya a kasuwa mai irin wannan ramin, kuma sassaƙa shi aiki ne. Ramin da ya dace da shaf ɗin yana jikin wannan guntun hannun, kyauta.

Wani yaro ya kawo shawarar da kowa ke kawowa, cewa a ɗora sufuroket a kan shaf a buga walda a huta. Mai waldar da ke kusa da dattijon ne ma ya riga ni ba shi amsa. Ya kwance murfin bayan moton ya nuna masa babban faifan haƙoran da ke ciki. Roba ce fara, kuma a jikin shaf ɗin take. Ya ce, "Ƙanena, zafin walda ta cikin ƙarfen nan zai bi ya narkar da wannan. Ko bai narke ba, ran da sufuroket ya lalace sai ka jefar da moton gaba ɗaya." Don haka duk walda an yi ta ne nesa da moto. Aka kwance hannun, aka yanke tsawonsa aka bar wajen ramin, dattijon ya sassaƙa faifan ƙarfe da gurbi a tsakiya inda guntun zai zauna, da ɗan mataki a baki inda zoben haƙoran sufuroket zai hau. Gurbin da matakin a ɗauri ɗaya ya yanke su, ba tare da ya sauke faifan daga injin ba, don tsakiyarsu ta zama ɗaya. Na tambayi yaran me zai faru idan tsakiyar ta kauce da milimita 1. Suka yi shiru, sannan ɗaya ya ce sarƙar za ta riƙa tsukewa tana saki a kowane juyi. Haka ne, kuma bambancin milimita 2 ne tsakanin tsukewa da saki, ya isa ya sa sarƙa ta riƙa faɗuwa. Mai waldar ya ɗiga wuta a gefe ɗaya, ya tsallaka gefen da ke fuskantarsa, yana barin ƙarfen ya huce, don kada faifan ya karkace.

Game da zoben haƙoran, da farko yaran sun ɗauko sufuroket ɗin gaba na babur saboda ya fi kauri da kyan gani. Tazarar haƙoransa da na keke ɗaya ce, milimita 12.7, wato rabin inci, shi ya sa suka ɗauka zai yi. Amma haƙoran na babur sun fi faɗin cikin sarƙar keke nesa ba kusa ba, ba ta ma zauna a kai ba. Muka koma ga firiwil na keke mai haƙora 18, aka fasa shi aka ciro zoben waje.

Firiwil ɗin da ke jikin tayoyin kuma ya zo da nasa matsaloli biyu. An yi shi ne ya ja gaba ya saki baya, shi ya sa mai keke ke iya daina taka feda keken na tafiya. Robot kuwa dole ya yi baya, kuma juyawarsa ma ta dogara ne da taya ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Aka ɗiga walda aka haɗe ciki da waje ya daina saki. Matsala ta biyu ba ta fito ba sai da muka gwada a ƙasa. Firiwil da tiredi yake hawa cibiyar taya, tafiya gaba tana ƙara ɗaure shi, baya kuma tana kwance shi. A tayar dama kuwa, da yake mun juya ta don sarƙa ta kasance ta ciki, tafiya gaba ce ke kwance shi. Sai da aka cire sandar tsakiya da ƙwayoyin boris, aka ɗiga walda tsakanin firiwil da cibiyar, aka bar ta ta huce, aka sa sabon giris aka mayar. Tayar keken ta yi mana wani amfani babba: tana juyawa a kan nata boris, sandarta na ɗaure a jikin firam, don haka nauyin robot da batirinsa ba ya kan shaf ɗin moto. Jan sarƙa kaɗai shaf ke ɗauka, shi ma mun rage masa wahala ta hanyar kusanto da faifan jikin moton iyakar yadda zai yiwu ba tare da ya goga ba.

Wani abu da ba na shaf ba ne amma zai iya ƙona wa mutum kaya: a yawancin motocin waifa, waya ɗaya tana haɗe da gangar jikin moton, saboda a mota jikin motar ne hanyar dawowar wuta. Idan aka ɗaura biyu a firam ɗin ƙarfe ɗaya, aka juya wa ɗaya wuta don ya yi baya, sai wuta ta haɗu ta cikin firam. Mun gwada da mita kafin mu haɗa, muka buɗe muka raba wayar da gangar jikin.

Daidaita sarƙa ya ɗauki yamma guda. Muka kwantar da rular ƙarfe a fuskar sufuroket ɗin moto, muka duba ko ta taɓa fuskar na taya ba rata. Inda bai yi ba muka ƙara washa a ƙarƙashin moton. Ramukan da moton ke ɗaure a ciki mun tsawaita su da magagari don a iya matsar da shi gaba ko baya, a bar wa sarƙa ɗan sassauci kamar santimita ɗaya a tsakiya. Notin bakin shaf kuma ya sami washa mai tsini da ɗigon shuɗin ruwan nan, tunda aikinsa na asali juyawa gefe ɗaya ne, mu kuwa gaba da baya muke sa shi.

Yaran suna yawan kallon gasar robot ta FIRST ta Amurka a YouTube, wadda Dean Kamen ya kafa ƙungiyarta a 1989, aka fara gasar a 1992. Suna ganin ɗalibai sa'o'insu suna cire giya suna mayar da wata cikin minti ɗaya, sai ransu ya ɗan sosu. Na tsayar da hoton na ce su dubi sandunan da kyau. Yawancinsu ba zagaye ba ne, masu kusurwa shida ne, kauri rabin inci, ramin giyar ma haka, don haka babu inda za ta sulɓe. Moton CIM da suka daɗe suna amfani da shi shaf ɗinsa milimita 8 ne da gurbin ki na milimita 2, irin dabarar da ke jikin injin niƙa da injin ban ruwa a nan, sai dai ƙarama. Kayan haɗa robot na VEX sandarsu mai kusurwa huɗu ce, ta LEGO kuma kamar alamar tarawa. Duka abu ɗaya suke yi da filin shaf ɗinmu da wayar kekenmu, kamfani ne dai ya riga ya yanka musu. Ba na raina wannan sauƙin, da muna da shi da mun yi amfani da lokacin a wani abu. Amma ɗalibaina yanzu suna iya ɗaukar kowane moto su dubi bakinsa su faɗi yadda za a kama shi, kuma sun koyi haka ne a hannun mutanen da ba su taɓa shiga ajin Fiziks ba, abin da nake so ya zauna musu a rai.

Kafin ranar nuni mun ja layi da jan fenti a kan kowace mahaɗa, daga bakin shaf ya tsallaka kan giya ko faifai, da kuma kan kowane noti. Bayan kowane gwaji yaro ɗaya ke zagayawa ya duba layukan. Idan layi ya rabu, wani abu ya motsa, ko da ido bai gani a tafiya ba. Na tayoyi da na ƙaramar giya ba su motsa ba har robot ya yi aikinsa a gaban iyaye. Na babbar giya ne ya nuna ɗan rabuwa, da muka duba sai muka ga wayar ta fara faɗaɗa raminta a cikin robar, hannun na ɗan yin kaɗa kafin ya tashi. Zangon nan za mu mayar wa dattijon ita ya yi mata zoben ƙarfe irin na ƙaramar, fin ɗin ya ratsa ta cikin zoben. Shugaban ƙungiyar kuma ya riga ya gano masu sayar da sandar ƙarfe mai kusurwa shida a Panteka, yana so mu gwada huda ramin da zai dace da ita da ƙaramin magagari mai kusurwa uku.